Ma'ana ta Uku

Ranar wata Asabar bayan azahar abokin ɗakina ya shigo da wata sanda a kafaɗa, kamar mai dawowa daga su. Sanda ce ta ƙarfe marar nauyi, tsawonta daga ƙasa zuwa ƙugu, a kanta an ɗaura 'yar raga irin ƙaramar komar kamun kifi. Ina zaune a falon gidanmu na haya da ke unguwar Hay el-Sabi' a Alƙahira ina tsince shinkafa, domin ranar girkina ce. Na dube shi, na dubi sandar, na ce, "Bazazzagi, karatun ya gagara ne ka koma kamun kifi a Nilu?"

Ya ce, "Bakano, kifin rijiya. Wannan wasa ne. Lakuros ake ce masa."

Haka muke da shi. Ni Bakano, shi Bazazzagi, kuma tun ranar da muka haɗu a jirgin da ya kawo mu Alƙahira ba mu taɓa kiran juna da suna ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce kakansa ne ya yi wa kakana dako. Mu shida ne a gidan, amma ni da shi ɗaki ɗaya, katifa na kallon katifa. A farkon shekarun dubu biyu ke nan. Ni ina karanta hadisi, abin yana tafiya daidai. Shi yana shari'a, kuma sau biyu yana maimaita aji biyu. In ya sake faɗuwa, guraben karatun da aka ba mu sun ce sai gida. Kowa a gidan ya san haka, ba mai faɗa.

Ba daƙiƙi ba ne, kada a fahimce ni a baibai. Mutum ne da ba a halicce shi don zama ba. In ya buɗe littafin fiƙihu, kafin ya gama shafi ƙafarsa ta fara rawa, can sai ka ga ya tashi wai zai sayo gurasa, alhali gurasar safe tana nan a kwando. Ni ne nake zaunar da shi. Ni nake yi masa bita, in taƙaita masa babi, in tashe shi da asuba, in yi masa faɗa kamar ni na haife shi, ko da yake wata uku kawai na ba shi.

Da na tambayi inda ya samo sandar, sai ya ba ni labari yana ta murna. Akwai wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, Hausa a bakinsa kamar tamu, shi yake sa hannu a takardun ɗalibai. 'Ya'yansa suna wata makarantar 'ya'yan baƙi a unguwar Ma'adi. A makarantar akwai wani Bature ɗan Kanada mai koyar da motsa jiki, wanda ya haukace a kan wannan wasa, yana neman samari 'yan Afirka masu gudu. Ma'aikacin ya ga abokina yana buga ƙwallo a fili wata rana, ya ce ya zo ya gwada. Ya je, aka ba shi sanda da hular kwano da safar hannu, aka ce ya tafi da sandar gida ya riƙa sabawa.

Na ce, "Kyauta?"

Ya ce, "Kyauta."

To ni a Kano na tashi, a gidan 'yan kasuwa. Mahaifina yakan ce in ka ga ana raba abu kyauta, ka duba da kyau, wataƙila kai ne hajar. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun daga ranar na sa ido.

Kuma gaskiya akwai abin sa ido. Wata biyu da fara zuwansa, aka ce ya kawo hoton fasfo ɗinsa da na takardar zama. Bayan nan aka ba shi wata takarda da Turanci, a ƙasanta an bar wurin sa hannu, an rubuta wai shi ne wakilin wasan na ƙasarmu. Wakilin ƙasa guda, mutumin da ba ya iya wakiltar ɗakinmu a layin gas. A lokacin nan jami'an tsaron Masar sun sa wa ɗaliban waje ido sosai. Mun ga waɗanda aka ɗauka daga gida saboda sunansu ya fito a wata takarda da su kansu ba su san ma'anarta ba. Mun kuma ji labarin masu tara fasfunan ɗalibai da sunan tafiya wasa, su sayar da biza ga wasu. Ban ƙirƙiri tsoron nan ba, yana nan a cikin gari kamar zafi.

Sai kuma sunan wasan. Wani ɗan gidanmu ne ya fara kawo maganar muna cin abinci. Ya ce, "Wai ku ba ku ji abin da nake ji ba? La-kuros. Kuros fa." Kowa ya ajiye cokali. Kuros dai a Hausa mun san shi, gicciye ne, irin na wuyan Kirista da na saman coci. Abokina ya yi dariya ya ce, "Ku da kuke karanta nahawu, 'la' ba korewa ba ce? La kuros, wato babu kuros. Khalas, magana ta ƙare." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini. Bature ya kawo, Kirista ya yi jagora, kaya kyauta, ga kuros a suna. Biri ya yi kama da mutum.

Na ce sai na gani da idona. Wata Asabar da safe na bi shi, muka hau ƙaramar bas zuwa tashar Ramsis, muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari zuwa Ma'adi. Ban taɓa zuwa unguwar ba. Bishiyoyi ko'ina, tituna shiru, mata farare suna jan karnuka da igiya, masu gadi suna kallon jallabiyata kamar na zo tallar turare. Tun kafin mu kai ƙofar makarantar na ji haushin wurin, ban kuma san laifin da ya yi mini ba.

Filin kore shar. Samari kamar ashirin, Misrawa kaɗan, 'yan Sudan, 'yan Kenya biyu, wani ɗan Uganda dogo, sai 'ya'yan Turawa. Ƙwallon ƙarama ce ta roba mai tauri, ana cafe ta da ragar, a ruga da ita, a jefa wa ɗan'uwa, har a kai ta raga. Ana dukan sandar juna, ana bangaje juna. Na zauna a benci ina neman abin da zan kama. Ina jira in ga an taru an yi addu'a, ko an raba 'yan littattafai, ko an zana wani abu a ƙirji. Ba a yi ko ɗaya ba. Lemon zaƙi aka yanka aka raba, shi ma na ƙi sha.

Abin da na gani shi ne abokina. Ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, ya kauce wa mutum ɗaya, ya juya ya bar na biyu a zaune, ya wurga ta ta shige. Ya cire hular kwanon yana dariya, gumi na zuba, ya ɗago mini sandar. Shekara huɗu muna kwana ɗaki ɗaya, ban taɓa ganin wannan fuskar a tare da shi ba. Ya kamata in ji daɗi. Abin da na ji a ƙirjina wani abu ne mai ɗaci, kuma a lokacin na kira shi kishin addini.

Bayan an tashi Baturen ya zo ya zauna kusa da ni. Jajur ne, hancinsa duk rana ta sale, Larabcinsa na 'yan tasi ne, Turancina kuma na sakandare. Ma'aikacin ofishin jakadancin yana nan ya zo ɗaukar 'ya'yansa, shi ya yi mana tafinta. An gaya wa Baturen cewa ni ne sakataren ƙungiyar ɗaliban ƙasarmu, kuma haka ne. Hatimin ƙungiya a akwatina yake. Duk ɗalibin da yake son takardar gabatarwa zuwa ofishin jakadanci, sai na rubuta, shugaba ya sa hannu, ni na buga hatimi.

Na tambaye shi kai tsaye, me ake yi da fasfo, kuma me ake nufi da wakilin ƙasa. Ya ɗauko takarda ya zana mini da biro. Ya ce wasan nan hawa uku ne. A ƙasa, kowace ƙasa tana da ƙungiyarta, mai tsarin mulki a rubuce da shugabanni. Ƙungiyoyin ƙasashen nahiya ɗaya su suke haɗuwa su kafa hukumar nahiya. Ita hukumar nahiya ita take shirya gasa tsakanin ƙasashe, ta tsara wa zai kara da wa, ta horar da alƙalan wasa da masu koyarwa, ta duba fasfon kowane ɗan wasa don kada wata ƙasa ta yi aron mutane, kuma daga gasarta ake fitar da masu zuwa ta duniya. Duk shekara wakilai suna zama, kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya, babba ko ƙarama. A can sama kuma akwai hukumar duniya. Ya ce Turai suna da tasu hukumar nahiyar, Afirka ba ta da ita, domin babu ƙungiyoyin ƙasashen da za su haɗu. Shi dabararsa ita ce, tunda Alƙahira ta tara ɗalibai daga kowane lungu na Afirka, ya koya wa ɗaya-ɗaya, in sun koma gida kowa ya kafa ta ƙasarsa. Takardar wakilci alkawari ce kawai na cewa mutum zai gwada.

Na ce, "Kai me za ka samu?"

Ma'aikacin ya fassara. Baturen ya yi dariya ya ce yana so kafin ya mutu ya ga ƙasar Afirka ta doke ƙasarsa. Wannan amsar ce ta fi komai ƙara mini zargi. A Kantin Kwari in mutum ya ce maka shi ba riba yake nema ba, sai ka dafe aljihu.

Sannan ya faɗi ainihin abin da ya sa ya zauna da ni. Hukumar Turai za ta yi gasarta da bazara, kuma a gefen gasar za a yi horon masu koyarwa na mako biyu. Sun ba shi gurbi ɗaya na ɗan Afirka, jirgi da masauki duk nasu. Ya zaɓi abokina. Mai shaidar wannan horon yana iya koyarwa a makarantun baƙi irin wannan, a Masar ko a gida. Abin da ya rage takardar ƙungiyar ɗalibai, da ita ofishin jakadanci zai rubuta tasa, da ita kuma za a nemi biza. Mako uku ya rage a rufe karɓar sunaye. Ma'aikacin ya ƙara da nasa ya ce, "Malam, ka taimaki yaron nan. Ni na ga takardun, ba wata matsala. Ku dai ku kawo taku, tawa ba za ta kwana ba."

Na ce in sha Allahu, irin in sha Allahun da muka koya a wurin Misrawa, wadda ba eh ba ce, ba kuma a'a ba.

A hanyar dawowa abokina ya yi ta magana, ni ina kallon taga. Ya ce, "Bakano, ka san ba zan ci jarrabawar nan ba. Ni na sani, kai ma ka sani. In na koma Zariya hannu rabbana, me zan ce wa tsoho? Wannan ko ba komai takarda ce." Na ce masa ya bar ni in bincika. Ya ce, "Bincika, ai aikinku ne, masu tone-tonen maruwaita."

Na kuwa bincika. Akwai wani ɗalibi ɗan Damagaram a benen da ke bayan namu, ya yi boko da Faransanci kafin ya zo, har yana da ƙamus mai kauri kamar bulo. An ce sunan wasan daga Faransanci yake, don haka na same shi da la'asar yana wanki, na rubuta masa kalmar a tafin hannuna. Ya goge hannu ya ɗauko ƙamus.

Ya ce, "A'a, wannan ba gicciye ba ne. Gicciye da Faransanci kurwa ake cewa."

Na ce, "Kurwa? To ai wannan ya fi muni, mayu ke nan."

Muka yi dariya. Ya sa yatsa a shafin ya ce, "Ita wannan kalmar ma'anarta uku a nan. Ta farko, sanda mai lanƙwasa a kai, irin wadda ake wasan ƙwallo da ita. Ta biyu, gindin bindiga. Ta uku, sandar nan mai lanƙwasa da bishop yake riƙewa a coci. Duk dai lanƙwasar ce ta haɗa su. Wasan naka ta farko ce, a fili take." Ya ƙara da cewa ya taɓa karantawa wai asalin wasan na mutanen farko ne na ƙasar Amurka, tun kafin Turawa su je, Faransawa suna kawai suka sa masa.

Na yi godiya na fito. Ina saukowa daga matakala ina maimaita abu ɗaya a raina: sandar bishop. Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci shugabannin ƙungiya suka zauna a gidan shugaba, kamar yadda aka saba. Shugaban dattijo ne a cikinmu, yana rubuta digirinsa na uku, mutum mai tsoron Allah da tsoron hukuma daidai wa daida. Mu bakwai ne, abokina na takwas, an kira shi ya yi bayani. Ya yi bayaninsa da kyau, har ya zana hawa ukun nan a bayan wata takarda, ƙasa da nahiya da duniya. Wasu suka fara gyaɗa kai. Ma'aji ya ce shi bai ga aibu ba, motsa jiki sunna ne. Sai shugaba ya juyo ya ce, "Malam Sakatare, an ce ka bincika."

Na ce, "Na bincika, Allah gafarta Malam. Na je filin da kaina. Ban ga an yi wani abu a fili ba, amma ba a fara irin wannan a fili. Suna karɓar fasfo. Suna sa yara su sa hannu a takardar da ba su iya karantawa. Sannan na tambayi mai Faransanci ma'anar sunan, ya buɗe ƙamus a gabana. Sunan sandar da bishop yake riƙewa a coci ne."

Ban yi ƙarya ba. Wannan shi ne abin da na riƙa gaya wa kaina shekara da shekaru, kuma duk kalmar da na faɗa a ɗakin nan gaskiya ce.

Wani ya ce a'uzu billahi a hankali. Abokina ya dube ni, ba da fushi ba, da mamaki, irin na wanda shi ma yanzu ya ji. Ya yarda da ni. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Amma ko da haka ne, suna ne kawai, Malam. Ba wanda ya taɓa yi mini maganar addini." Shugaba ya shafa gemu ya ce ba a hana ba, ba a kuma yarda ba, a dakata har a ƙara bincike, domin sunan ƙungiya amana ne, kuma in wani abu ya faru gobe hatiminmu za a gani. Duk wanda ya zauna a ƙungiya ya san ma'anar a dakata. Mako biyu suka wuce kamar kwana biyu.

Ma'aikacin ofishin jakadancin ya aiko mini sau biyu, na ce ina da jarrabawa. Wata rana muka yi kiciɓis a ƙofar ofishinsu, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, na ji abin da aka ce. Ni shekara ashirin ina zuwa coci, ban taɓa ganin bishop ya cafe ƙwallo ba." Na ce ma'alish, ya yi haƙuri, ba ni kaɗai nake yanke hukunci ba. Ya sake ni ya ce, "Allah ya kyauta." Na tafi ina cewa a raina, ka ji, har ya san abin da aka tattauna a taronmu, ashe akwai mai kai musu rahoto. Haka zargi yake, komai ka ba shi sai ya ci ya ƙara ƙiba.

Gurbin ya tafi ga ɗan Ugandan nan dogo. Ya je, ya dawo da usur a wuya da takardar shaida da hotuna, ba kuros ba bishop, kuma kafin shekara ta zagayo yana koyar da yara a wata makaranta a Ma'adi. Abokina ya ci gaba da zuwa fili na ɗan lokaci, sannan ya rage, sannan ya daina. Ya jingine sandar a bayan ƙofar ɗakinmu. Ya dawo wa littafi, ni kuma na ninka bitar da nake masa, ina jin kamar na ceto shi daga bakin kura. Har da godiya ya yi mini wata rana. Ya ce, "Bakano, wataƙila alheri ne."

Ya kamata in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Tsoron da na ji na fasfo da na jami'an tsaro na gaske ne. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani. Shekara huɗu ni ne mai riƙe da shi, ni ne gwani shi ne mai rauni, kuma na saba da hakan har ya yi mini daɗi. Ranar da na gan shi a filin nan na gane akwai wurin da shi ne gwani, ni kuma ɗan kallo a benci da jallabiya. Zai hau jirgi ya je Turai, ni da nake cin jarrabawa ko Iskandariyya ban taɓa zuwa ba. Hassada ce. Na yi mata rawani na zaunar da ita a taro.

Asirin ya tonu a kan kwanon shinkafa da wake. Bayan jarrabawa, kafin sakamako ya fito, muka gayyaci maƙwabta cin abincin rana, har da ɗan Damagaram ɗin. Ya shiga ɗakinmu zai yi sallah, ya fito riƙe da sandar yana jujjuya ta. Ya ce, "A'a, ga sandar da ka zo kana tambayata. Ka gani ko, yadda na gaya maka, ma'ana ta farko ce. Ina ruwan wannan da bishop?"

Abokina yana tsakiyar kai loma. Ya ce, "Ta farko?"

"Eh mana, ai uku ne. Sandar wasa, gindin bindiga, sai ta bishop. Na ce masa taku ta wasa ce, a fili take."

Ba wanda ya lura sai ni. Aka ci gaba da hira, ana gardamar ƙwallon ƙafa. Abokina ya gama cin abincinsa tsaf, ya wanke hannu, ya tattara kwanuka. Da baƙi suka watse na shiga ɗaki na same shi zaune a bakin katifa. Na fara magana ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tambaya zan yi maka ta ilimi, tunda fanninka ne. In mai ruwaya ya ji magana mai gaɓa uku, ya faɗi ɗaya ya bar biyu, me malamanku suka ce?"

Bakina ya amsa kafin zuciyata, kamar a gaban mai jarrabawa. Na ce, "Taƙaitawa ta halatta ga masani, matuƙar abin da ya bari ba ya canza ma'anar abin da ya faɗa."

Ya ce, "Ya canza?"

Na kau da kai na dubi taga. Ya jira ni, ya daɗe yana jira, har na ji muryar mai tallar gas a titi yana buga tukunya da ƙarfe. Can sai ya ce, "Tamam, shi ke nan," ya ɗauki tawul ya shiga wanka.

Bai yi mini faɗa ba, bai kai ƙarata wurin shugaba ba, bai gaya wa 'yan gidan ba. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya daina tsokanata. Na wayi gari ba mai ce mini bawa, ba mai zagin Kano. Ina kwana, lafiya lau, sannu da karatu. Na gwada sau ɗaya na ce masa Bazazzagi sarkin rowa, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo ya ce, "Haka ne, Malam." Na so in ba shi haƙuri, na shirya kalmomin sau da yawa. Duk lokacin da na zo faɗa sai wani abu ya ce mini, ai har yanzu ba ka san abin da Baturen nan yake ƙullawa ba. Kuma gaskiya ne ban sani ba. Baturen ya gama kwangilarsa ya tafi, hukumar Afirkan da yake mafarki ba ta kafu ba har na bar Masar. Na riƙe wannan kamar hujja, alhali ba ita aka tambaye ni ba.

Sakamako ya fito a ƙarshen bazara. Na wuce da daraja mai kyau. Shi ya faɗi darasi uku.

Ɗalibin da karatunsa ya yanke, kafin a ba shi tikitin komawa gida, sai ya kai wa ofishin jakadanci takarda daga ƙungiya mai tabbatar da cewa ɗalibi ne kuma ya gama zamansa. Da safe ya same ni a falo ina shan shayi. Ya riga ya rubuta takardar da hannunsa, ya riga ya kai wa shugaba ya sa hannu, don kada ya wahalar da ni. Ya tsaya a gabana ya miƙo da hannu biyu ya ce, "Malam Sakatare, hatimi nake nema."

Na tashi na buɗe akwati na ɗauko. Na danna a tawada, na buga a ƙasan takardar. Duka abin bai kai minti ɗaya ba.

Ya karɓa, ya hura tawadar don ta bushe, ya duba ko hatimin ya fito sosai. Sannan ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ko karantawa ba ka yi ba. Wannan ba sai ka bincika ba?"

Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, ya fita neman motar Ramsis. Bayan kwana tara ya tafi, kuma ɗan Damagaram ne ya raka shi filin jirgi.